Awaki Sun Bar Lambun Magajin Gari

Zuwa ga ɗana, Baban Mariyama,

Gaisuwa mai yawa daga Tawa. Yaya zaman Kumasi, yaya iyali? Tarin Mariyama ya sake ta? Mu nan lafiya lau.

Albishirinka, ƙanenka Abdu bai rasa gadin lambun shaƙatawa na magajin gari ba. Awaki ne suka dinga ratsa waya suna cinye dashen dogon yaro. Mai duba lambuna ya ce in ya sake tarar da haka, za a sallami Abdu. Na kasa cin abinci.

Sai na tuna dabarar kakarka a Barmu. Na jiƙa kashin awaki, na yayyafa wa kowane dashe. Abdu ya toshe hanci yana cewa, "Inna, warin nan ne zai sa a kore ni!" Awaki suka sunsuna, suka juya.

Jiya mai duba lambunan ya dawo, ya ga ganye kore shar. Ya tambayi sunan maganin, wai za a kai wa sauran lambuna. Na karɓi alƙalaminsa, na rubuta masa da hannuna.

Ka sa Abdu a addu'a, rani da saura. Ka gai da kawunka Sani.

Mahaifiyarka,
Hajo