Gilashin da Na Kasa Saukewa

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da kai na fita takaba ranar Laraba. An yi sadaka, an watse. Ban ji komai ba.

Babban ɗanka ya zo daga Kano da sabuwar mota, ya kai ni bangajiya wurin danginka na Gwaram. Tun da kuɗin mai suka shigo kowa canja mota yake yi. Baƙa ce, doguwa. Cikinta sanyi kamar randa, kujerar ta fi katifa laushi. Ba a jin inji, ba a jin rami. Ba a jin kowa.

Taka kuwa tana gindin darbejiya inda ka bar ta. Ita sai an tura take tashi, ƙofar baya da igiya muke ɗaure ta. Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram sai mu kusa yini, don hannunka a waje yake kana gaisawa, duk wanda ka gani da kaya a ka sai ka tsaya. Na sha yin mita, buhun dawar wani a kan ƙafata. Kai dai ka ce, "Ai hanyarmu ɗaya."

Malam, mun wuce Yaya Hajara.

Wajen Kwandiko na hango ta a bakin titi da ƙulli a ka. Yayarka guda, wadda ta zauna da ni har arba'in tana lallashina in sha kunu. Ta gan ni, ta ɗaga hannu. Na kai nawa in murɗa gilashi in kira ta, sai na ji ƙofar sumul, babu abin murɗawa. Ashe dannawa ake yi. Ina ta lalube. Yaron idonsa na kan hanya, ni kuma ka san ba na kiran sunansa. Kafin bakina ya buɗe mun yi nisa. Da muka juyo, ta riga ta bi ta gonaki.

An ce ta ce ba komai, motar manya ba ta tsayawa. Kayan fitar takaba da na aika mata sun dawo a ɗaure.

Ita kaɗai ta rage mai yi mini hirar ƙuruciyarka. Jibi ranar kasuwa zan hau motar haya, in ƙarasa gidanta da ƙafa. Ban san ko za ta amsa sallamata ba.

Yaron yana so makanikai su zo su janye taka. Na ce a bari. Gilashin gefenka har yau a sauke yake yadda ka bar shi. Ruwa ya shiga, kaza ta yi ƙwai a kujerarka. Ban bari an ɗaga ba.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka makwancinka. Yadda ka tsaya wa mutane a hanya, Allah ya sa a tsaya maka.

Matarka,
Hadiza