Maganin da Ka Aiko wa Umma

Zuwa ga Yayana Tae-seop,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare jirgin ruwanku, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan Yeongju an gama tsinkar tuffa, kimchin hunturu ma, kabejin nan da muke tsumawa da gishiri da barkono, ya shiga randa. Matarka Hye-suk da yara duk suna kalau.

Yaya, hankalina a tashe yake. Makon jiya Umma ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. A asibiti aka manna mata wata na'ura a ƙirji. Likita ya ce akwai wani ɗan wuri a ƙasan zuciyarta da ke bugawa don kansa, ba ruwansa da bugun ainihi, kamar mata biyu a turmi ɗaya kowace da nata luguden. Sunan abin farasistol. Ya ce mutane da yawa suna tsufa da shi lafiya lau. Amma ita wani gishirin jininta ya yi ƙasa sosai, kuma saiwar nan mai zaƙi da ke cikin maganin ƙarfin jikin da kake sa a aiko mata daga kasuwar Daegu ce ke zubar da shi. In ta ci gaba da sha, zuciyar na iya rikicewa ta tsaya.

Ka san Umma. Tun a mota ta ce likitan nan ko gemu bai fitar ba, shi ne zai raba ta da abin da ɗanta ya ci wuya a teku ya saya mata? Da na kwashe ƙunsoshin maganin, ta ce hassada ce ke cina, tunda ni ko ƙwai ban taɓa kawo mata ba, ni da ke wanke mata kai! Na yi kuka, ban ɓoye ba. Jiya na buɗe randar daddawar waken soya, sai ga wasu ƙunsoshin ta binne a ciki. Ban san inda sauran suke ba.

Ba laifinka nake gani ba, alheri ka nufa. Amma wanda ya ɗaure akuya shi ya san kwancenta. Da zarar kun isa tasha, ka kira ta. Kada ka ambaci likita, kada ka ambace ni. Ka ce kai da bakinka ka hana. Maganar ɗanta na fari kawai take ji.

Kawu Deok-su da Inna Mal-nyeo suna gaishe ka. Umma ma ta ce in gaishe ka, in kuma gaya maka maganin yana yi mata aiki sosai, ka ƙaro wani.

Ƙanwarka mai jiran kiranka,
Bok-hui