Kafin a Sami Lamba Ɗaya

Da sunan Allah nake farawa. Ina rubuta wannan da hannuna, hankalina a jikina. Ba zafin ciwo ke magana ba, ba kuma maganin likita ba. Ƙafafu ne suka ƙi, kai yana nan daram.

'Ya'yana, kafin ku raba, ku san abin da za ku raba. Da takardar sakandare kaɗai na fito, ita ma ba ta yi kyan da za a rataya a bango ba. Ban gaji shago ba, ba wanda ya riƙe hannuna ya kai ni ofis. A bayan wani shagon buga takardu na fara, kan bencin da aka tokare da bulo. Ina kallon yara masu zane da masu fassara suna zaman jiran aiki, masu neman su kuma suna wucewa ta bakin ƙofa ba su san da su ba. Ni na ce a buɗe musu kasuwa a intanet, a haɗa su. Ni na bi su gida-gida ina lallashi. Ni na kawo tsarin riƙe kuɗi a tsakiya har mai aiki ya gama, mai saye ya gamsu, don na ga yadda ake cinye wa yara guminsu. Babur ɗina na sayar aka buɗe shafin. Yau mai zanen da bai taɓa ganin cikin jirgi ba yana yi wa mutanen wata ƙasa aiki daga ɗakin uwarsa. Bayan Allah, wannan aikina ne.

Na ɗaya. Gida da mota da abin da ke banki, a raba yadda addini ya tsara. Ba na bin kowa, ba mai bi na. Kasuwar kuwa ba a yanka ta. Kowa ya riƙe kasonsa a ciki, kada a sayar wa baƙo, kada a ƙara wa masu aiki la'ada.

Na biyu. Uwata, ke da na sa wa sunan mahaifiyata, ke za ki zauna a kujerata. Babba, kada ranka ya ɓaci. Kana da kirki, amma kawunku bai gama buɗe baki ba ka fara gyaɗa kai.

To, mun zo kan kawun naku.

Ƙanin mahaifiyarku yana ɗan jami'a na ɗauko shi, takalminsa ɗaya, don ya rubuta mini manhajar. Ni nake faɗa, shi yana bugawa. Ranar da muka gama, sai aka ce a gwada rajista a ga ko tana aiki. Ina tsaye a kansa, hannuna riƙe da wayar wutar da ke yawan zarewa, na ce masa ya sa sunansa kawai mu gani. Ya sa. Na'ura ta ba shi lamba ɗaya. Ni ban yi rajista ba. Mai kasuwa ai ba ya kasa kaya, haka na ɗauka.

Wannan gwajin ne ya zama suna. Yau kowa Lamba Ɗaya yake ce masa. 'Yan jarida suka zo ofis, suka wuce ni a bakin ƙofa, ɗaya har ya tambaye ni inda zai ajiye mota. Shi aka zaunar a gaban kyamara da farin gilashinsa da Turancinsa mai santsi. Bai taɓa cewa shi ya kafa ba, wannan na shaide shi. Amma bai taɓa cewa ba shi ba ne. Murmushi yake yi, murmushin nan kuwa ya fi ƙarya ci mini rai. Auta, ranar da ka gama karatu ka miƙe a gaban jama'a ka gode wa kawunka da ya nuna maka hanya. Ina layin gaba, na tafa tare da kowa. Kuɗin makarantar dai ka san daga aljihun da ya fito. Ban manta ba, amma na yafe.

Na uku. Duk da haka ba mai taɓa shi. Kada a kore shi, kada a rage masa ko sisi, kada a ƙwace lambar. Duk aikin da ya yi da taurarin yabon da masu saye suka ba shi suna manne da ita, kuma guminsa ne. Ban gina kasuwar nan don a cinye gumin wani ba, ko da wanda ba na son ganin haƙoransa ne.

Na huɗu. Da ciwo ya kwantar da ni, na ɗauki waya na yi rajista kamar kowa. Lambar da aka ba ni ta yi tsawon lambar waya. Na rubuta cewa ina ba da shawara kan kafa kasuwanci. Ba wanda ya neme ni. Mutum ba tauraro ko ɗaya, wa zai ɗauke shi? Kun kuma san dokar da na kafa da bakina: asusun da ya shekara ba aiki, a goge shi, ko na wane ne. Na goge na ɗan aminina, har yau uban ba ya amsa gaisuwata. Ke nan baɗi war haka na'urar da na sayar da babur na kafa za ta share ni, ba wanda ya umarce ta sai ni. Uwata, na san zuciyarki. Kada ki ɗaga mini dokar, kada kuma wani ya saya mini aikin ƙarya don asusun ya rayu. A bar shi ya tafi.

Na biyar. Abin da ke tsakanina da kawunku nawa ne, ba ya cikin gado. Da shi zan tafi. Mahaifiyarku ta gaji da zama tsakanin miji da ƙane, tana auna kowace kalma kafin ta saka wa ɗayanmu albarka. Ku sauke mata wannan kaya. Ku je gidansa, ya zo naku, 'ya'yanku su yi wasa da nasa. Ku ukun nan kuma, duk wanda ya ja gefe ya kafa tasa kasuwar don ya nuna wa 'yan'uwansa, ban yarda ba.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku fiye da yadda kuka yi mini. Allah Ya haɗa kanku, Ya tsare ku daga cin haƙƙin mai aiki.

Saura abu ɗaya, kuma ba roƙo ba ne. A shafin farko, ƙarƙashin sunan kasuwar, inda dokar shekara ba ta kaiwa, a rubuta cikakken sunana da na mahaifina, a ce wannan ne ya kafa ta. Ba da ƙananan baƙaƙen da sai an sa gilashi ba. Kuma kada a ba wani ma'aikaci. Kawunku zai zauna ya buga shi da yatsunsa, ku ukun kuna tsaye a kansa, kamar yadda na tsaya ranar da ya buga nasa.