Dajin Inna ya kai ƙashi

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Yaya Legas, yaya maigidan da yara?

Tun ranar da na raka Inna asibiti a Birnin Kudu ban sake buɗe littafin soyayya ba. A littattafan nan, likita na shigowa ake warkewa. Namu kuwa cewa ya yi jiki yana da sinadaran da ke kiran sojojin jini zuwa inda ake buƙatarsu. Dajin da ke nonon Inna ya koyi jin kiran, ya bi shi har ƙashin bayanta.

Yaya, wata takwas Kawu Sale yana hana a kai ta, wai daji ba ya son allura. Ganye ake kirɓawa ana liƙa mata har wurin ya ruɓe. Jiya ma ya zo daga Maruta da wani ƙullin. Ko tabarma ban shimfiɗa masa ba.

Ki gaida Hajiya, ku sa Inna a addu'a. Na gaya wa maigidana, ranar Litinin zan kai ta Kano a fara allurar.

Ƙanwarki,
Binta