Ar'ar a Gefen Randa

Zango, Wagadugu, watan Janairu

Autana Rashidu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya sanyin Maroko, ya karatun itatuwa? Mu nan lafiya lau.

Dashen ar'ar da ka kawo mini da hutu yana nan kore shar, na dasa shi gefen randa. Kawunka Ɗantsoho ya taɓa ganyen, ganyen ya soke shi kamar allura, sai ya ce wai itacen kan duwatsu ne, ba zai zauna a zafin Wagadugu ba. Na tuna masa ni ma daga Kano aka kawo ni, ga ni shekara arba'in. Na san ka ce ba ya son ruwa da yawa, amma ni da na raini mangwaro uku ba za a koya mini ban-ruwa ba. Safe da yamma nake ba shi.

Alkawarinka nake riƙe da shi: in ya kama, za ka dawo ka yi gandunsa a nan. To, fara haɗa kayanka.

Mahaifiyarka,
Habi

Watan Afrilu

Rashidu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jikinka ƙalau. Zafi ya sauko, ganyayensa na ƙasa sun fara ja. Kada ka damu, na ƙara masa ruwan rana da takin tumaki.

Na karanta wasiƙarka. Ka ce shi wannan itace akwai namiji akwai mace, kowa gindinsa daban, ɗaya shi kaɗai ba ya 'ya'ya. Sau biyu ka rubuta wannan a shafi guda. Ni na haife ka. Wace ce?

Ina gaishe ka,
Habi

Watan Yuni

Autana,

Sallama da gaisuwa, Allah ya sa kana cikin ƙoshin lafiya. Ar'ar ya mutu. Da na tono shi, saiwar ta ruɓe. Ba rana ce ta kashe shi ba, ruwana ne. Na zauna bakin ramin na yi kuka, kuma ba don itacen ba.

Na ga hoton Aminata da ka aiko. Idonta a natse yake, ta kwanta mini. Tunda a garinsu aka ba ka aikin gandun daji, zauna. Na sake ka daga alkawarin, ba zan yi maka irin ban-ruwan da na yi wa itacen ba.

Jiya na hau bayan babur ɗin kawunka zuwa kasuwar Rood Woko, na zaɓo atamfa shida na lefe. Busassun rassan nan na farfasa na zuba a kasko, na turara kayan ɗaya bayan ɗaya. Ashe gaskiyarka, ƙamshinsa ya fi ƙarfi bayan ya bushe. Idan ta buɗe akwatin, za ta ji ƙamshin garinsu ya fito daga ɗakina.

Ku zo mini da Babbar Sallah, ku biyu.

Mahaifiyarka mai sa maka albarka,
Habi