Kanumfarin da ke ƙasan kwalba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta sanyin nan da kike ta kuka da shi. Mu nan lafiya lau. Baba yana nan manne da rediyonsa. Inna kuwa ƙafa da sauƙi, ido ne dai sai a hankali, ko da yake ba ta yarda a faɗa.

Ga kwalbar man da kika roƙa saboda ƙaiƙayin da ya addabi Auta, direban nan maƙwabcinmu zai kawo miki. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a rai, in ba ke ba, ban san wanda zan faɗa wa ba. Tun ranar da na isar wa Inna saƙonki ta miƙe kamar an rage mata shekaru. Ta ce jikarta ba za ta shafa man kanti ba tana raye. Da kanta ta tsinko ɗoɗɗoya da na'a-na'a a bayan ɗaki, ta wanke, ta shanya a faranti. Na ce in taya ta, ta ce in je in ji da tukunyata, wai ni ko ruwan zafi sai na ƙona. Ta murje ganyen, ta zuba a kwalba, ta cika da man zaitun, ta ajiye a bakin taga. Kullum da safe sai ta lallaba ta girgiza shi tana yi wa Auta addu'a.

Ashe ganyen bai gama bushewa ba, idonta ne bai nuna mata ba. Ranar da za a tace, na ɗaga kwalbar na ga fumfuna ta yi fari fat a sama. Wannan in ya taɓa fatar yarinya ai sai abin da ya ƙaru. Na buɗe baki zan faɗa, na ga yadda take ninke ƙyallen tacewa tana murmushi, sai na ji kaina ina cewa bai gama jiƙuwa ba, a ƙara masa kwanaki. Da ta kwanta da rana na juye shi a kwata, na wanke kwalbar tas, na sayo busasshen ganye wurin mai kayan ƙamshi, na haɗa sabo na mayar bakin taga. Ta ci gaba da girgiza shi, ni kuma ina kau da kai.

Jiya muka tace. Ta shinshina, ta sake shinshinawa. Can sai ta ce in miƙo mata gwangwanin kanumfari, wai tsufa ya sa ta manta ba ta saka ba. Yaya, ba ta manta ba. Da idona na ga kanumfarin nata ya bi kwata, ni ce ban tuna da shi ba da nake haɗa nawa. Yanzu ban sani ba, ko ta gane ne ta rufa mini asiri, ko kuwa na sa ta fara zargin hankalinta. Da safen nan na ji tana tambayar Baba ko ta sha maganinta, abin da ba ta taɓa tambaya ba. Wallahi kunya da nadama sun hana ni haɗa ido da ita. Ki gaya mini, in faɗa mata ko in yi shiru? Kafin nan, in kin kira ta, ki yaba mata sosai.

Man dai lafiyayye ne. Ki fara gwadawa a hannun Auta, in bai yi mata komai ba ki riƙa shafa mata bayan wanka. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan Auta da yayyenta. Baba da Inna suna gaishe ku. In kin ɗaga kwalbar za ki ga kanumfari a ƙasa, don Allah kada ki tsame su. Su kaɗai ne na Inna.

Ƙanwarki mai kunnen ƙashi.