Ƙarfen da Ruwa Ya Tono a Ba'awa

Ba'awa, ƙasar Kiru
Yuni, 1953

Zuwa ga yayana Sabi'u a Kumasi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya tsare ka a baƙunta. Inna tana nan ƙalau, sai ciwon gwiwa. Damina ta sauka, mun gama shuka.

Yaya, sai haƙuri. Allah ya yi wa Maikano maƙeri, mijin ƙanwarmu Furera, rasuwa. Ruwan farko ne ya ci gaɓar rafin da mata ke ɗiban ruwa, ya tono wani dogon ƙarfe mai tsatsa. Mainasara, tsohon sojan da ya yi aikin kwance bam a yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, yana ganinsa ya ce bam ne da sojoji suka bari lokacin da suka yi atisaye a dajin nan, kuma zai iya tashi. Dagaci ya aika Kano, amma ruwa ya yanke hanya, ga shanu suna sauka wurin kullum.

Mainasara ya ce zai iya kwance shi, sai dai hannunsa na rawa, yana neman mai riƙe masa. Maikano ya ce shi ya saba da ƙarfe, ya ɗauko awartakinsa. Furera ta riƙe masa riga tana kuka, ya ce mata ai ita ma a wannan rafin take ɗiban ruwa. Suka kore mu zuwa bayan dutse. Suna cikin aiki gaɓar ta zabtare, ƙarfen ya fara gangarawa. Mainasara ya ce Maikano yana da damar gudu, amma ya hango matan Fulani sun ɓullo ƙetare da ƙorensu, sai ya tare ƙarfen da ƙirji yana yi musu ihu su koma. Nan bam ɗin ya tashi da shi. Matan duk sun tsira. Mainasara ya rayu, amma ya kurumce.

Furera tana takaba, ko abinci sai an matsa mata. Ka aiko mata da magana. Abin da ya hana ni sukuni, Mainasara ya ce da wuya a ce guda ɗaya ne. Ga noma ya zo, ba a barin gona. Duk sanda fartanyata ta doki dutse, sai in tsaya cak ina salati.

Inna da Furera suna gaishe ka. Ka gaida Asibi da Kawu Sale. Ku sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Jibril